Matsayin Harshen Hausa Wajen Gane Cutar Fata Mai Nasaba da Sana'a: Nazari Daga Garin Jos

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1700 wani likita ɗan ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a. A cikinsa ya shawarci likitoci su ƙara tambaya guda a kan waɗanda suka gada daga magabata, wato su riƙa tambayar majinyaci irin sana'ar da yake yi. Yau fiye da shekara 300 ke nan, amma har yanzu wannan tambaya ita ce ƙofar farko da ake bi idan ana son gane ko aikin mutum ne ya haddasa masa ciwo, musamman ciwon fata.

Fata ita ce ke fara haɗuwa da kayan aiki, ko siminti ne, ko baƙin mai, ko rini, ko ruwan sabulu. Idan ƙuraje suka feso wa ma'aikaci a hannu, abubuwa uku sun rataya a kan sanin dalilinsu: maganin da za a ba shi, da makomar sana'arsa, da kuma haƙƙinsa na diyya. Idan aka ɗora wa sana'a laifi alhali ba ita ba ce, an raba mutum da hanyar abincinsa a banza. Idan kuwa aka wanke ta alhali ita ce, sai a yi ta shafa magani ciwo yana komowa, har hannu ya kai ga kasa riƙe kayan aiki.

Wannan maƙala za ta bayyana matakan da likitocin fata ke bi wajen yanke wannan hukunci, ta kuma nuna cewa mafi yawan matakan magana ce tsakanin likita da majinyaci. A garin Jos, da Hausa ake yin kaso mai yawa na wannan magana. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, sunayen cututtukan fata a Hausa kamannin ciwo suke bayyanawa, amma dalilin ciwon a cikin aikatau da kalmomin lokaci yake fitowa, don haka can ya kamata mai bincike ya kasa kunne.

2.0 Garin Jos da Sana'o'insa

Jos gari ne da ƙwadago ya kafa. Tun farkon ƙarni na 20 Kamfanin Neja ya kafa sansanin haƙar kuza a Naraguta, kafin aikin ya bazu zuwa Bukuru da Barikin Ladi da sauran wurare. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta iso a 1914, kuma tsakanin 1942 da 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa aikin tilas a ramukan kuza. Bill Freund ya yi cikakken bayanin wannan tarihi a littafinsa na 1981 a kan jari da ƙwadago a ma'adinan kuzar Nijeriya. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, a barikokin ma'adinai Hausa ta zama harshen aiki da ciniki tsakanin Hausawa da Birom da Afizere da Anaguta da Angas da sauran al'ummu, kuma ta ci gaba da riƙe wannan matsayi bayan faɗuwar kasuwar kuza ta duniya a 1985.

Sana'o'in da suka shafi fata a Jos ta yau suna da yawa. Akwai masu wankin kuza da ke wuni tsaye cikin ruwa da laka, da magina da masu buga bulo, da kanikawan Dilimi, da kafintoci da masu yankan katako na kasuwar Katako, da masu lambu da ke kai kaya Faringada, da dukawan Naraguta, da masu wanki, da masu kitso da ƙunshi, da ma'aikatan jinya masu wuni da safar roba a hannu.

Wani abin lura kuma shi ne yanayin garin. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma duk wanda aiki ya kawo shi daga ƙasar Hausa ya san ɗarinta ya fi na gida tsanani. Hunturu shi kaɗai yana busar da fata har ta tsage. Wannan ya sa rarrabe ciwon sana'a da ciwon yanayi ya fi wuya a nan, kamar yadda za a gani a 5.3.

3.0 Sunayen Cututtukan Fata a Hausa

Hausa tana da wadatar kalmomi a wannan fanni, kuma ƙamusoshin Bargery (1934) da Abraham (1949) sun adana da yawa daga cikinsu. Ana iya kasa waɗanda suka fi yawo a bakin jama'a gida uku:

(1) a. Masu nuna abin da ake ji: ƙaiƙayi, raɗaɗi, zugi, zafi.
b. Masu nuna abin da ake gani: ƙuraje, bororo, kaushi, faso, kanta, saɓa, gyambo, tabo.
c. Sunayen cututtuka: kirci, ƙazuwa, makero, ƙyasbi, borin jini, albaras.

Idan aka duba rukuni na (1b) da na (1c), za a ga babu kalmar da ta ambaci sana'a. "Kirci" suna ne na ciwon da ke sa fata ta yi kauri, ta yi ɓawo, tana ƙaiƙayi, ko mene ne ya jawo shi. Har a kan shanu ana amfani da kalmar, domin da ita makiyaya da likitocin dabbobi na Vom suka san wata cutar fatar shanu da ƙwayar cuta ke haddasawa. Ke nan mutum biyu suna iya zuwa asibiti da "kirci", na ɗaya gadon gidansu ne tun yana yaro, na ɗaya kuwa daga buhun siminti ya same shi.

Duk da haka, akwai wuraren da harshen ya haɗa suna da dalili. Kalmar "ƙaiƙayi" kanta tana nufin abin da ake ji a fata, tana kuma nufin ƙurar da ke tashi daga hatsi wajen sussuka da shiƙa. Karin maganar nan ta ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, in aka bar ma'anarta ta hikima aka ɗauki ta zahiri, bayani ne na ciwon sana'a: mai aikin ce abin aikin ke komawa kanta. Haka "cin ruwa", wato lalacewar fatar tsakanin yatsun ƙafa saboda daɗewa cikin ruwa, suna ne da ya faɗi mai laifi. Wannan misali na ƙarshe shi zai kai mu ga aikatau.

4.0 Aikatau Biyu: Ci da Ƙi

Likitocin fata sun kasa kircin da taɓa wani abu ke jawowa kashi biyu. Abin sha'awa shi ne, maganar Bahaushe ta yau da kullum ta yi irin wannan rabo ta hanyar ginin jimla.

4.1 Abin da ke ci

Kashi na farko shi ne inda abin da aka taɓa yake lalata fata da ƙarfin kansa. Duk wanda ya daɗe yana taɓa shi zai ji a jikinsa, sai dai wani ya riga wani. Jiƙaƙƙen siminti, da sodar da masu rinin zamani da masu haɗa sabulu ke aiki da ita, da fetur ko kananzir da kanikawa ke wanke hannu da shi, da tokar jima, da ma ruwa tsurarsa idan hannu ya wuni a ciki, duk suna cikin wannan kashi. Shi ne ya fi yawa, domin ana ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na kircin taɓi irinsa ne. Ga yadda ake faɗinsa:

(2) a. Siminti ya ci hannunsa.
b. Ruwa ya ci mata ƙafa.
c. Sabulu ya cinye mata yatsu.
d. Soda ta ƙone masa hannu.

A duk waɗannan jimloli abin aikin shi ne aikau, gaɓar jiki ita ce karɓau, kuma jimlar tabbatacciya ce. Sauyawa daga "ci" zuwa "cinye", wato aikatau mai nuna game aiki, tana nuna tsananin ɓarnar.

4.2 Abin da jiki ke ƙi

Kashi na biyu shi ne inda garkuwar jikin wani mutum takamaimai take ɗaukar wani sinadari a matsayin abokin gaba. Mutum yana iya shekaru yana taɓa abin lafiya lau. Ran da jikinsa ya shaida shi kuwa, ko ɗan ƙanƙani ya taɓa sai ƙuraje su tashi bayan kwana 1 zuwa 3, kuma galibi wannan ƙiyayya ba ta gushewa har ƙarshen rayuwa. Abokan aikinsa goma suna iya taɓa abin nan ba abin da ya same su. Sinadaran da suka yi suna a nan sun haɗa da kuromiyam da ke cikin siminti da cikin fatar da aka jeme jimar zamani, da nikel na 'yan kunne da maɓallai da kayan ƙarfe, da sinadaran haɗa roba, da sinadarin PPD na rinin gashi da baƙin lalle, da ƙurar wasu itatuwa irin su loko. Binciken da Farfesa Yetunde Olumide ta yi a Legas cikin shekarun 1980 ya nuna nikel da kuromiyam suna kan gaba a cikin abubuwan da fatar majinyatanta ta ƙi. A Hausa sai a ce:

(3) a. Jikinta ba ya son wannan mai.
b. Fatarsa ta ƙi robar.
c. Jikinsa bai karɓi maganin ba.
d. Man bai karɓe ta ba.

A (3a-c) jiki ne ya koma aikau, kuma jimlar korarriya ce ko tana ɗauke da aikatau mai ma'anar korewa. Ko a (3d), inda abin shafawar ya zama aikau, ba a zarge shi da ɓarna ba. Rashin jituwa ne aka nuna tsakaninsa da mutum guda, domin man da bai karɓi wannan ba yana iya karɓar ƙanwarta.

4.3 Iyakar wannan daidaito

Bai kamata a ɗauki ginin jimla a matsayin hukuncin ƙarshe ba. Siminti shi ne babban misali, domin yana ci, ana kuma ƙin sa. Yana fara cin fata saboda kaifinsa, sannan kuromiyam ya sami ƙofar shiga ta tsagar da aka yi, jiki ya ƙi shi. Birkilan da ya kai mataki na biyu zai ci gaba da cewa siminti ne ya ci hannunsa. Amfanin rabon shi ne ya ba likita kalmomin da majinyaci ya riga ya sani, waɗanda za a yi tambaya da su, a kuma yi bayani da su.

5.0 Matakan Tantancewa

A shekarar 1989 wani likitan fata a Amurka, Toby Mathias, ya tsara sharuɗɗa 7 waɗanda har yau ake dogara da su. A taƙaice su ne: kamannin ciwon ya yi daidai da kircin taɓi; akwai abin da ke ci ko abin da jiki ke ƙi a wurin aikin; gurbin ciwon ya dace da inda abin ke taɓawa; lokacin farawarsa ya dace da lokacin taɓawar; an kore dalilan da ba na aiki ba; ciwon yana lafawa idan an bar aikin; gwaji ya nuna sinadarin. Idan 4 daga cikin 7 suka tabbata, ana rinjayar da cewa sana'a ce sanadi. Za a lura cewa 4 daga cikinsu, wato na 2 da na 4 da na 5 da na 6, daga bakin majinyaci ake fara samun su.

5.1 Tambayar sana'a

Matsala ta farko tana cikin kalmar "aiki". A bakin mutane da yawa, mai aiki shi ne mai ɗaukar albashi a gwamnati ko kamfani. Idan aka tambayi matar aure wane aiki take yi, amsar da aka fi samu ita ce ba ta aiki, alhali tana iya zama mai wankau, ko mai haɗa sabulun ruwa, ko mai yi wa amare ƙunshi. Kalmar "sana'a" ta fi faɗi, amma ita ma tana barin wanke-wanke da wankin gida a waje, ga shi kuwa suna cikin manyan masu cin hannu. Sannan sunan sana'a ba ya faɗin abin da hannu ke taɓawa: "lebura" yana iya zama mai kwaɓa siminti ko mai dakon dankali. Tambayoyin da suka fi fitar da gaskiya su ne irin waɗannan:

(4) a. Malam, daga safe zuwa dare, me da me hannunka ke taɓawa?
b. Da me kake wanke hannu in ka tashi daga aiki?
c. Baba, ban da wannan, akwai wata 'yar sana'a da kike taɓawa a gida?
d. Cikin abokan aikinka akwai mai irin wannan ciwo?

Tambaya ta (4b) tana da muhimmanci domin sau da yawa abin wanke hannun ne mai ɓarnar, kamar bakaniken da ke dirje baƙin mai da fetur da yashi. Ita kuwa (4d) tana taimakawa wajen rarrabe ci da ƙi: in mutane da yawa ne, an fi zaton ci, in shi kaɗai ne, an fi zaton ƙi.

5.2 Kama da gurbi

Littattafan likitanci da aka rubuta a Turai suna siffanta farkon kirci da jan fata. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi toka-toka. A nan amsa-kama tana da amfani ƙwarai, musamman ga ciwon da ya lafa kafin a zo asibiti. Wanda ya ce jikinsa ya tashi ruɗu-ruɗu ya kwanta cikin 'yan sa'o'i, borin jini yake siffantawa. Wanda ya ce hannunsa ya yi furu-furu yana tsagewa, bushewa da ci yake nufi. Wanda ya ce ƙananan ƙuraje ne masu ruwa da ƙaiƙayi kamar ya yage fatar, an fi karkata ga ƙi.

Gurbin ciwon kuma shaida ne. Kircin sana'a ya fi kama hannu, musamman bayan hannu da tsakanin yatsu da wuyan hannu, domin tafi yana da kauri. Mai kwaɓa siminti yana samunsa har a ƙafa, inda kwaɓin ke zuba cikin takalmin roba, mai shimfiɗa daɓe kuma a gwiwa. Ƙurar katako da maganin feshi suna kama fuska da fatar ido da wuya. Mai abinci da ke yanka tafarnuwa tana samunsa a kan yatsu uku na hannun da ke riƙe tafarnuwar. Idan ciwo ya tsaya cak a daidai inda safar roba ta tsaya, safar da aka sa don kariya ita ce abin zargi.

5.3 Lokaci

Majinyaci ba safai yake lissafi da kwanan wata ba. Da damina da kaka da hunturu da bazara yake yi, da azumi da salla da Kirsimeti. Wajibi ne mai tambaya ya bi shi ta wannan hanya, ya kuma lura da lamirin lokacin da ya zaɓa:

(5) a. Ya feso mini bayan na fara aikin bulo da wata biyu.
b. Yakan lafa in na je gida salla.
c. Ina komowa da mako guda sai ya tashi.

Jimla ta (5a) labari ne na sau ɗaya. Ta (5b) mai lokaci sabau ta fi ta nauyi, domin tana nuna abin ya maimaitu, kuma maimaituwa ita ce hujja. Ɗan ci-rani da ke aikin gini a Jos da rani, ya koma gida noma da damina, ya yi wa kansa gwaji ba tare da ya sani ba: ya bar siminti watanni, ya dawo gare shi.

Sai dai akwai tarko biyu. Na farko, ci-rani da hunturu tare suke zuwa, don haka warkewar damina tana iya zama saboda barin siminti, tana kuma iya zama saboda laimar iska. Hutun Kirsimeti ma kullum cikin hunturu yake faɗowa. Hutun salla ya fi amfani wajen wannan lissafi, tun da yake yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ba ya zama a yanayi guda. Na biyu, tsawon hutun yana da tasiri. Ciwon ci mai sauƙi yana iya lafawa cikin 'yan kwanaki, na ƙi yana bukatar mako 2 zuwa 3 ko fiye, kircin kuromiyam kuwa yana iya zama shekaru bayan an bar gini. Saboda haka rashin warkewa a hutun Lahadi ba ya wanke sana'a.

5.4 Kore sauran dalilai

Kafin a tabbatar wa sana'a laifi, sai an kore masu kama da ita. Ƙazuwa ma tana kama tsakanin yatsu da wuyan hannu, amma ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma akan sami wasu a gidan suna susa. Makero yana faɗaɗa kamar zobe, ana kuma tabbatar da shi ta hanyar kankaro ɓawon fata a duba a madubin likita. Wanda ya taso da kirci a lanƙwasar gwiwar hannu tun yana yaro, ko yake da asma, fatarsa mai rauni ce tun asali, ko da yake sana'a tana iya tsananta masa. Sannan a tambayi abin da ake shafawa a gida: man sauya launin fata, da turare, da rinin gashi, da maganin gargajiya, da mayukan kemis masu kwantar da kumburi, waɗanda ke sauya kamannin ciwo har likita ya ruɗe.

A wannan mataki ne ake cin karo da dalilan da al'ada ta tanada, irin su sanyi, da zafin jini, da fitsarin tautau, da sammu. Murray Last (1981), a nazarinsa na yankin Malumfashi, ya nuna cewa majinyata da yawa ba su damu da sanin dalilin ciwo ba, samun sauƙi ne gabansu. Lewis Wall (1988) kuma ya bayyana girman matsayin sanyi a tunanin Bahaushe game da cuta. Darasin shi ne, tambayar "me ya jawo maka?" ba ta cika haifar da amfani ba. Tambayar "me ka taɓa, yaushe, sai me ya faru?" ita ce ke ba da abin da za a yi aiki da shi, kuma ba ta jawo gardama da imanin kowa.

5.5 Gwajin liƙi

Ciwon ƙi kaɗai ake iya tabbatarwa da gwaji. Likitan nan Bajamushe Josef Jadassohn ne ya gabatar da hanyar a 1895. Ana zuba ɗan kaɗan na sinadaran da ake zargi, kowanne a gurbinsa, a liƙa a gadon bayan majinyaci na tsawon sa'a 48 ba tare da ruwa ya taɓa ba. Sai a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana 1 ko 2. Gurbin da ya tashi shi ya nuna abin da jiki ya ƙi. Ko an sami haka, sai an koma ga tambaya ta (4a) a tabbatar cewa sinadarin yana cikin kayan aikin mutumin, domin mai ɗinki da ta ƙi nikel tana iya samunsa daga ɗan kunnenta. Ciwon ci ba shi da irin wannan gwaji, kuma haɗari ne mutum ya liƙa wa kansa ɗanyen siminti ko soda da sunan gwadawa, ƙuna kawai zai samu. Kayan gwajin ba su wadata a asibitocin ƙasar nan ba, abin da ya ƙara wa matakan baki nauyi.

6.0 Abin da Hukuncin Ke Jawowa

Idan an tabbatar ciwon ci ne, galibi mutum yana iya ci gaba da sana'arsa, muddin ya rage taɓawa, ya sa safa mai kyau, ya daina wanke hannu da fetur, ya lazimci shafa mai. Idan na ƙi ne, sai an raba fata da sinadarin ɗungurungum, wanda wani lokaci yana nufin sauya sashen aiki ko sana'ar baki ɗaya. Ana kuma iya gyara kayan aikin da kansa. Ƙasar Danmak ta kafa doka a 1983 ta rage kuromiyam mai narkewa a siminti ta hanyar zuba masa wani gishirin ƙarfe, Tarayyar Turai ta bi sahu daga 2005, kuma kircin magina ya ragu a can.

Ta fuskar haƙƙi, jerin cututtukan sana'a na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da aka sabunta a 2010 ya ambaci kashin nan biyu na kirci, kowanne da sunansa. A Nijeriya, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta ɗora wa hukumar NSITF biyan diyya daga asusun da masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. Dokar ta nemi ma'aikaci ya sanar da mai gidansa cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Mafi yawan masu sana'o'in da aka lissafa a 2.0 ba su da rajista a wannan tsari. Waɗanda suke ciki kuwa, hujjarsu ita ce rahoton likita, wanda da Ingilishi ake rubuta shi daga abin da aka faɗa da Hausa. Idan "yakan lafa in na je gida" ta ɓace a tsakanin bakin majinyaci da alƙalamin likita, sharaɗi guda cikin 7 ya tafi, wataƙila tare da diyyar.

7.0 Shawarar Keɓaɓɓun Kalmomi

Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya share fage a fannin harshe da adabi. Fannin lafiyar ma'aikata yana buƙatar irin wannan hidima. Bisa ga abin da ya gabata, ana gabatar da waɗannan don masana su tattauna:

(6) a. kircin taɓi: duk kircin da taɓa wani abu ya jawo.
b. kircin ci: wanda abin ya lalata fata da ƙarfin kansa.
c. kircin ƙi: wanda garkuwar jiki ta ƙi abin.
d. kircin sana'a: kircin ci ko na ƙi da aka samo wajen neman abinci.
e. gwajin liƙi: gwajin da aka bayyana a 5.5.

An zaɓe su ne domin gajeru ne, an gina su a kan kalmomin da kowa ya sani, kuma mai jin Hausa a matsayin harshe na biyu zai gane su ba tare da dogon bayani ba.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa gane ko sana'a ce ta haddasa ciwon fata ya dogara ne a kan sanin abin da aka taɓa, da inda ya taɓa, da lokacin da ya taɓa, da abin da ya faru da aka daina taɓa shi. Ta nuna sunayen cututtuka a Hausa ba sa ba da wannan bayani, amma aikatau "ci" da "ƙi", da amsa-kama, da lamirin lokaci sabau suna bayar da shi ga wanda ya san inda zai saurara. Ta kuma nuna kalmar "aiki" tana iya rufe ƙofar bincike tun daga tambayar farko. Abin da ya rage shi ne aikin haɗin gwiwa tsakanin masana harshe da likitocin fata, a tattara yadda masu sana'o'i daban-daban ke siffanta ciwonsu a Jos da Kano da Sakkwato, a kwatanta da Birom da Angas da sauran harsunan Filato, sannan a fitar da jerin tambayoyi na Hausa da ma'aikatan asibiti za su riƙa amfani da shi.